Ranar Da Na Karanta Fuskar Maƙwabcinmu

Edita, na daɗe ina son rubuto wannan, kunya ce take hana ni. A 1969 ni saurayi ne ɗan Zangon Kumasi da ke Ghana, ina karatun digiri na biyu a kan al'ummomin Afirka da al'adunsu. A duk layinmu ba wanda ya kai nan, kuma na san haka, har a tafiyata ana gani. Bincikena a kan zanen fuska ne, wato tsagar gado da ake yi wa jarirai. Na dawo gida da littafin rubutu, na lazimci rumfar wani tsohon wanzami. Mutum zai wuce, sai ya ce mini wannan Bagobiri ne, wancan Mosi ne, ya zana mini bambancin da yatsa a kan kumatunsa. Cikin wata biyar na iya, har ina burge malamaina.

Ƙarshen shekarar aka ba da umarni duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Zango ya rikice. Mutane na sayar da gado da keken ɗinki a bakin hanya, lori na ɗibar iyalai kullum. Ni a nan aka haife ni, amma kakana daga ƙasar Hausa ya zo, don haka tsoro ya kama ni. Na ɗauki wasiƙar jami'a na tafi wani ofishi da ake tantance mutane, sai na tarar akawun da ke zaune abokina ne na sakandare. Ya ba ni kujera alhali dattawa na tsaye a layi, muka shiga hira da Turanci.

A gaban layin akwai wani dattijo maƙwabcinmu, mai ɗaukar katako a kasuwar Anloga. Sahu ɗaya muke salla, kuma a wurin matarsa nake sayen koko da ƙosai tun ina firamare. Ba shi da ko takarda ɗaya. Yana ta rantsuwa shi mutumin wajen Bawku ne, cikin Ghana aka haife shi. Akawun ya gaji, ya juyo yana murmushi, ya ce tunda ga masani a kusa, in faɗa masa wannan fuskar ta ina ce. Ba wanda ya tilasta ni. Da na ce ban sani ba, da ta wuce. Amma na miƙe, na nuna layin da ya taso daga karan hancinsa zuwa kumatu, na ce zanen Mosi ne, tushensu tsallaken iyaka. Har ƙarin bayani na yi, kamar ina gaban aji. Dattijon ba ya jin Turanci. Da ya ga yatsana kusa da fuskarsa, ya ɗauka shaida nake ba shi. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, faɗa musu ka san ni." Akawun ya rubuta abin da ya rubuta. Ni aka buga mini hatimi, na fita ta bayan dattijon.

Bayan kwana huɗu ya hau lori. Matarsa Ba'ashantiya ce da ta musulunta, ta zauna da 'ya'ya uku, a kan zai nemi wuri ya aiko. Na kasa barin abin a cikina, na je na faɗa wa wanzamin. Yana wasa aska ya tsaya. Ya tambaye ni yaushe ya taɓa ce mini zane na nuna inda aka haifi mutum. Ya ce zane dangin uba yake nunawa, kuma masu irin wannan tsaga suna nan birjik a ɓangaren Ghana tun kafin a ja iyakar. Na san haka, yana cikin littafina da rubutun hannuna. Bai zage ni ba. Ya ce kawai in daina zuwa rumfarsa, shi ma yana da nasa istigfarin da zai yi.

A 1970 na miƙa kundina, aka yaba, aka ba ni digiri. Ranar da aka yi mini walima, matar nan ce ta soya ƙosan, ta ƙi karɓar komai, wai mijinta ya ce na tsaya masa a ofis. Na karɓi godiyarta, na ci. Saƙonsa ya zo sau biyu, daga nan shiru. Babban ɗansu ya bar makaranta ya koma ɗaukar katako. Ta rasu ban faɗa mata ba, kuma ba don tausayinta na yi shiru ba, don kaina ne.

Na shekara talatin ina koyarwa, ban sake yarda na ce na san wata al'umma ba. Ga 'yan'uwa masu bincike, ku sani abin da tsofaffi ke ba ku amana ce, kuma mutanen da kuke rubutawa suna da mata da 'ya'ya. Idan mai hatimi ya tambaye ku game da wani, ku tuna amsarku ba a takardar jarrabawa za ta tsaya ba. Ni minti biyu na yi ina nuna ilimi, wani gida ya rasa uba. Ina roƙon Allah ya yafe mini, don wanda ya kamata in roƙa ban san inda kabarinsa yake ba.