Wanda Bai Iya Nishi Ba

Shekara ashirin da bakwai ke nan Mai Sikeli yana gyaran ma'auni a wata rumfa mai faɗin taku huɗu, bayan layin mahauta. In sikelinka ya karkace da nauyin ƙwayar wake, a gaban masu sayayya zai gaya maka, ko da kai ka karkata shi da gangan. Shi ya sa tsakaninsa da mahauta sai gaisuwa, ita ma a daƙile.

Tun yana yaro ba ya haɗa ido da mutane, ba ya jure hayaniya, fuskarsa kuma ɗaya ce ranar suna da ranar makoki. Dangi suka ce iska ce, maƙwabta suka ce girman kai. Sai da furfura ta fito masa wani likita ya ce wani yanayi ne da ake kira otizim, haka Allah ya halicce shi, ya ba shi takarda. Tana nan ƙarƙashin katifa, babu wanda ya taɓa tambayarsa ita.

Ran nan ciwo ya kama shi a ƙasan ciki, ɓangaren dama. Ya kulle rumfa ya nufi babban asibiti. Zauren jira benci goma sha ɗaya ne, fanka uku, ɗaya ke juyawa, ga talabijin yana ta ihu ba mai kallo. A bango an rataya ƙyalle mai tsawon kamu shida, wai asibitin nan na kowa ne, har da masu buƙata ta musamman. Amma dokar gidan ba a rubuce take ba: wanda ya fi nishi shi ke gaba.

Nas mai tantance marasa lafiya ta tambaye shi abin da ke damunsa. Ya ce cikinsa na ciwo ƙwarai, da muryar da yake faɗin lambar ƙusa. Ta dube shi sama da ƙasa, ga maɓallan riga a ɓalle har wuya, ta ce mai ciwo ƙwarai ba ya tsayawa kamar sandar tuta, ya je ya zauna. Ya zauna awa shida. Mutum hamsin da takwas suka wuce shi, har da wani ƙato da aka shigar ranga-ranga, ya fito yana dariya a waya. Kashegari aka sallame shi da maganin ciwon kai. Rana ta uku hayaniya ta cika masa kai, ya fita gindin bishiya, aka kira sunansa ba ya nan, aka soke.

Yayarsa, mai injin markaɗe, wadda muryarta ke danne ta injin, ta ji labari. Ta zaunar da shi a tsakar gida ta ce yau sai ya koyi nishi. Wai ya riƙe ciki, ya karkace baki, ya ce wash. Ya faɗa, kamar mai karanta allon hanya. Sau tara tana gwada masa. A na goma ya ce ba zai yi ba, sikelin da ke ƙarawa da wanda ke ragewa duk ɓatattu ne.

"To, gaskiyar taka ta yi maka tiyata," in ji Yaya.

Rana ta huɗu ta raka shi. Jikinsa zafi kamar dutsen guga, amma yana tsaye ƙyam. Nas ta ɗaga kai ta ce au, kai ne kuma? Yaya ta dubi nas, ta dubi ƙyallen bango, ta ajiye jakarta a hankali inda ba za a taka ba. Sai ta zube ƙasa, ta ƙwalla salati, tana birgima tana kiran uwarta da ta rasu shekara goma sha biyu.

Mai Sikeli ya duba agogo. Daƙiƙa arba'in gadon tura marasa lafiya ya iso, da ma'aikata huɗu, suka ɗora ta. A ƙofar likita Yaya ta sauko, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Hau, auta. Naka ne."

Likita ya danna cikin sau ɗaya, fuskarsa ta canja. Hanji ne ya kumbura, saura ƙiris ya fashe. Kafin la'asar an yi aiki.

Da ya farfaɗo, likita ya tsaya a kansa yana faɗa, wai mutanenmu sai sun ga kabari suke tuna asibiti. Mai Sikeli ya nemi rigarsa, ya zaro wata 'yar takarda ya karanta: zuwa huɗu, jira awa goma sha tara, waɗanda suka wuce shi ɗari da arba'in da uku. Likita ya tambaye shi me ya hana shi magana.

"Na yi. Sau huɗu."

Bayan sati biyar ya buɗe rumfa. An ce asibitin ya sake sabon ƙyalle, wannan kamu takwas ne. Yaya kuwa har maƙwabta biyu sun zo aronta, su ma suna da marar lafiyar da bai iya nishi ba. Ta tambayi ƙanen ko ta yi ƙoƙari ran nan. Ya auna abin a ransa, sannan ya ce ta yi, amma ta zarce da kusan rabi.