Hajjo Mai Nono da Labaran Waccan ta Gumel

Duk wanda ya saba cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san Hajjo, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar dattijuwar nan ta layin masu nono, bayan kara inda ake cinikin shanu, wadda ba ta kiran mai saye, ba ta kuma yi wa kowa dariyar neman ciniki. Nononta babu ruwa a ciki, tallanta ke nan. An haife ta a wata ruga a ƙasar Sule Tankarkar, aure ya kawo ta gidan Bappa Manu kusa da iyaka. Ta haifi 'ya'ya, ta binne wasu, ta aurar da wasu. A gida Fillanci take yi, a kasuwa Hausa. Boko ba ta yi ba, ba ta kuma taɓa nuna abin ya dame ta ba.

'Yarta ta fari sunanta Adawiyya, amma ba a bakin Hajjo za ka ji wannan ba. A wajensu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi. Tun da aka yaye yarinyar, ƙanwar Bappa Manu, Goggo Ummulkhair, ta ɗauke ta zuwa Gumel. Can ta yi makaranta, can ta sami aiki a wani shagon magani. In dole ta sa Hajjo ta ambace ta, sai ta ce "waccan ta Gumel".

To, waccan ta Gumel ce ta fara rubuta labari a waya, kuma ba na soyayya ba. Na farko labarin wani dillalin shanu ne mai suna Ya'u, wanda ya kashe amininsa ya jefa shi a tsohuwar rijiya, sannan ya ci gaba da ciyar da marayun kowa yana sa masa albarka, zuciyarsa kuwa tana cin sa a hankali. Wata mai daɗin murya ta karanta shi aka naɗa, ya shiga wayoyin direbobi da na matan aure. Safiya, wadda ƙwaryarta ke kusa da ta Hajjo, ta zo da shi layin masu nono da wata 'yar lasifika.

Nan fa kowa ya zama alƙali.

"Wannan wane irin littafi ne, ba saurayi ba budurwa?" in ji Safiya. "Ko biki ɗaya babu, sai gawa."

"Kashe mana to," in ji wata.

"A'a, bari dai in ji ko za a kama shi."

Cindo, direban babbar mota da ke shan fura a wajen Hajjo, ya rantse saboda sauraro ya wuce Gagarawa Tasha bai sauke buhunan mutane ba. "Inna, 'yarki ta hana ni yarda da yaron motata. Ko ruwa ya miƙo mini sai na leƙa ciki."

Hajjo ta ci gaba da dama fura. "Sukari ko babu?" Abin da ta ce ke nan.

Ba wanda ya lura cewa in aka kunna labarin, ludayinta yakan tsaya a cikin ƙwarya.

Littafi na biyu ya fi tayar da hankali. Wata mata ce ke zargin mijinta yana zuba mata wani abu a abinci, mai sauraro kuma bai san ko gaskiya ne ko ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu ba. Daga nan magana ta sauya. Aka fara cewa yaya yarinya ƙarama ta san abin da ke cikin zuciyar mai kisa, in ba irin zuciyar gare ta ba? Ga shi kuma a shagon magani take aiki. Wasu suka daina sayen magani in ita ce ke tsaron shagon. A wayar ma aka yi ta aiko mata da zagi. Rannan Safiya ta kunna wa layin wani gajeren saƙo da muryar Adawiyya kanta: ta gode wa masu sauraro, ta daina rubutu. Labarin ya tsaya daidai inda matar ta kulle kanta a ɗaki, wani yana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Hajjo, ki yi mata magana mana," in ji Safiya. "Ke kika haife ta."

"Tana da Goggo."

Amma ranar Asabar Hajjo ta ɗaure man shanu a 'yar roba ta hau motar Gumel, ita da ba ta zuwa sai biki ko rasuwa. Ta iske Goggo Ummulkhair a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Adawiyya ta fito ta durƙusa ta gaishe ta. Hajjo ta amsa tana kallon bango, yarinyar ta koma bakin ƙofar ɗaki ta zauna. Bayan an sha ruwa an tambayi shanu da damina, Hajjo ta gyara zama, ta ba ƙofar baya.

"Goggon yara, an ce akwai wata mai ba da labari a waya a garin nan. Kin san ta?"

Goggo ta dubi ƙofar ta dube ta. "Ina jin na san ta."

"To in kun haɗu ki ba ta saƙo daga wata mai nono. Na ɗaya, wannan Ya'u ya cika kuka. Mugun da na sani ba ya kuka, ci yake ya ƙoshi. Ta rage."

"Zan faɗa mata."

"Na biyu, saboda ita na zuba wa mutum gishiri a fura. Tun da nake ban taɓa yi ba."

Goggo ta toshe baki da gefen mayafi.

"Na uku, masu cewa baƙar zuciya gare ta. Ni ma tun kafin a faɗa na san Ya'u zai koma bakin rijiyar nan, ashe ni ma na yi kisa ke nan? Wanda ya zauna a kasuwa da ido buɗe ya san mutane. Yarinyar ido gare ta. Na san inda ta samo shi." Sai ta ji ta kusa wuce iyaka. "Wajen ubanta," ta ƙara da sauri.

A bayanta ta ji an ja hanci. Ba ta waiwaya ba.

"Na ƙarshe, ba tarbiyya ba ce a kulle baiwar Allah a ɗaki ana buga mata ƙofa, a kama hanya a tafi. In za ta daina, ta buɗe mata tukuna."

 Can Adawiyya ta yi magana daga bakin ƙofa. "Goggo, ki tambayi baƙuwarki, wa take zaton yana ƙwanƙwasawa?"

"Ki ce mata ba aikina ba ne. Nawa nono." Hajjo ta tura robar man shanun gaban Goggo, ta miƙe. "Wannan na gidan ne. Kowa ya ci."

Zagin bai ƙare ba, har yau akwai masu tsallake shagon. Amma wata Alhamis Safiya ta iso layin tana haki, ko ƙwarya ba ta sauke ba ta ɗaga lasifika. Cindo ya bar motarsa a layin lodi ya tsugunna da kofinsa.

"Hajjo, 'yarki ta dawo! An buɗe ƙofar!"

"Wace 'ya?" in ji Hajjo. Ta ajiye ludayin. "Ƙara murya, ba na ji sosai."