Rikodar da Na Ɓoye a Bayan Turmin Inna

Da kakar bana Inna ta cika shekara shida da rasuwa. Allah ya jiƙanta. Ni ne autanta, Iro, wanda ya fi kowa ba ta wahala. Na bar sakandare a aji biyu, na taɓa faci, na taɓa kwandasta, yanzu acaɓa nake yi tsakanin Ƙaraye da Rogo, shi ma ban ce zan daɗe ba.

Yayana Sale soja ne, kuma shi ne ɗan farinta. Wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda abin yake. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, in ya shigo sai ta kau da kai. Inna kuwa Bafulatana ce, tata kunyar ta fi ta kowa. Ban taɓa jin ta ce Sale ba. "Wancan" take cewa, shi ma sai ta kama dole.

Da aka kwashe su zuwa yaƙin Laberiya, garinmu bai canza ba a ido. Kasuwa na ci, ana kora shanu, ana yankan dawa. Teburin mai shayi na bakin tasha ne ya canza. Da safe in za a karanta labaran duniya, masu faci su ajiye aiki, direbobi su kashe mota, a kewaye rediyo. Mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba sai ka ji yana gardama a kan garuruwan bakin teku. Gida huɗu a unguwarmu suna da ɗa a can, in baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar ɗayansu, mata su bar surfe su leƙo.

Wasiƙa biyu Yaya ya aiko, daga nan shiru har wata bakwai. A cikin watannin nan aka yi zaman makokin ɗan ɗaya daga gidajen huɗu, ba gawa, sai takarda. Baba ya daina cin abincin kirki. Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta tambaya ba. Rannan na kasa haƙuri na ce, "Inna, ɗanki ne fa." Ta ce, "Ka kai wa akuyoyi dusa."

Sai muka ji wani kofur ɗan Rogo ya zo hutu daga can. Na hau keke na same shi. Ya ce rabonsa da Sale wata uku, an tura su daji. "Ban ce maka yana raye ba, ban kuma ce ya mutu ba. Ku yi masa kaset, in na koma zan neme shi."

Na aro rikoda. Baba ya yi nasiha da addu'a, matar Yaya ta yi gaisuwa tana rufe fuska, maƙwabta kowa ya sa baki, har gefe ɗaya ya cika. Da na kai wa Inna ta ce, "Ni me zan ce wa ƙarfe? Ɗauke min."

Washegari da hantsi na juya kaset, na tura rikodar bayan turmi, na rufe ta da faifai, na danna. Na ce a raina ko ƙarar dakanta ce Yaya ya ji. Ta zo ta zuba gero, ta ɗauki taɓarya. Inna ba mai surutu ba ce, amma ran nan sai ta hau zance.

"Iro, jar saniyar nan ta haihu. Mace."

Na ce, "Inna, ai ni na ɗauko maraƙar."

"To, ina dai faɗa. An kuma yaɓe ɗakin gabas, ya daina yoyo. Ƙafar nan tawa ma ta yi sauƙi, har rijiya nake zuwa."

Ɗakin gabas na Yaya ne. Haka ta yi ta jero min abin da na riga na sani, tana daka tana faɗa, ni kuma ina danne dariya wai na yi wa tsohuwa wayo.

Kofur ya tafi da kaset. Muka ƙara wata huɗu ba labari. Sai wata ranar kasuwa bas ɗin Kano ta tsaya a tasha, Yaya ya sauko da jaka ɗaya, ya rame kamar ba shi ba. Kafin ya kai gida rabin unguwa na binsa. Inna na tankaɗe a tsakar gida. Kallo ɗaya ta yi masa, rariyar ta suɓuce mata, ta tashi ta shige ɗaki. Daga ciki ta ce, "Iro, a ba baƙo ruwa." Ranar na ga Baba ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Yaya ya ce kaset ya same shi. Gefen Inna yake ji kullum, da biro yake mayar da zaren don kada batir ya ƙare. Abokansa har sun haddace, in an kwana lafiya sai su ce, "Sale, yaya jar saniya?"

Da ciwonta na ƙarshe ya yi nauyi, na durƙusa na ce ta yafe min, na ɗauki muryarta a ɓoye. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kai da wayonka. Jan idon abin nan yana leƙo ni ta ƙarƙashin faifai, ka ce ban gani ba? Don Allah me zai sa in tsaya ina gaya maka saniya ta haihu?" Ta numfasa, ta ce, "Kada ka gaya wa wancan."

Yanzu Yaya ya bar soja, yana noma. Matarsa kan tsaya a tsakar gida ta ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa, ko a jikinta. Da Inna na nan da ta toshe kunne. An sake kwasar yara zuwa Saliyo, iyayensu mata na bin mota har Kano su yi layin tarho. Nakan tambayi kaina yadda za ta yi da tarho, abin da dole in an yi magana ka amsa. Ina jin ni za ta sa in riƙe, ta tsaya kusa tana ba ni labarin shanu da ƙarfi.

Kaset ɗin yana nan a akwatin Yaya. Har yau ya ɗauka sa'a ce da wayona suka kai masa muryar uwarsa. Na riƙe amanar shekara shida, kuma ban karya ba, don ku masu karanta jaridar nan nake gaya wa. Sai dai na san kowace ranar kasuwa Yaya yakan zauna a teburin mai shayi a karanta jarida, kuma a wajen Inna na koyi yadda ake irin wannan zancen.