Ruwan Burtsatsen Ƙofar Gidanmu

Shekara biyu na yi a Dutse ina fama da wani zaren gilashi da bai fi silin gashi kauri ba. Aikina na digiri na biyu ke nan. Nakan kankare tsakiyar zaren, in shafa masa wani gari mai laushin da ido ba ya ganin ƙwayarsa, sannan in tura haske ta ciki. In aka tsoma shi a ruwa mai dalma, garin sai ya kama ta, hasken da ke fita ta ɗaya bakin ya canja, kwamfuta ta nuna. Zare nawa na karya kafin ɗaya ya yi aiki, Allah kaɗai ya sani.

Da ya yi aikin, garinmu Aujara na nufa, na ɗebo ruwan burtsatsen da ke ƙofar gidanmu. Sau uku na gwada, sau uku dalmar ta wuce abin da jiki zai ɗauka.

Na koma na sami kawuna, wanda shi ne mai unguwa. Ya saurare ni har ƙarshe yana tufka igiya.

"To 'yar nan, mun ji. Wanne za mu sha?"

"Kawu, a rufe shi tukuna, a kai kuka."

"A rufe? Ke kina can Limawa a Dutse, ruwa har cikin ɗaki. Matan nan su koma kududdufi ke nan?"

Na yi masa sallama na tashi.

Na rubuta takarda na kai ofishin da abin ya shafa. Wani jami'i ya tambaye ni ko na'urar tana da rajista. Na ce ba ta da ita. Ya ce to gwajin ɗaliba ne, ya jefa takardar a durowa. Sau huɗu na koma, kullum oga ya fita.

A makaranta kuwa tafi aka yi mini. Har hoto aka ɗauke ni riƙe da zaren.

Abin da aikin ya canja a gidanmu ɗaya ne. Yanzu in na je, Inna ba ta ba ni ruwan randa. Takan sayo mini na leda ta ajiye a gefen tabarma, ita kuma ta kamfaci nata a moɗa ta sha a gabana.

"Inna, don Allah ki bari."

"Sha naki," in ji ta. "Mu mun saba."