Na Kusa Biyan Harajin Gidan Da Ba Ni Da Shi

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan fili ina girgiza kai, ban san ni ma wata rana zan ɗauki biro ba. Ina roƙon a sakaya sunana, duk da dai waɗanda suka san maganar sun riga sun yi dariyarsu sun ƙoshi.

Ni mutumin Kano ne. Na yi sama da shekara talatin ina aiki a wani kamfanin sabulu da man girki, a matsayin mataimakin mai kula da sito. Ban taɓa zama shugaban kowa ba, amma kuma ko katan ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba, kuma da wannan nake taƙama. Da na yi ritaya aka ba ni giratuti, aka fara biyana fansho, sannan aka sa sunana cikin tsofaffin ma'aikatan da kamfani yake yi wa alheri duk shekara. Alherin shi ne katan ɗin sabulu da jarkar mai idan azumi ya zo, da katin ganin likita a ƙaramin asibitin kamfani ni da mai ɗakina, sai kalanda mai hoton injinan da suka kurmantar da ni. A lokacin ba ni da wani kuka. Mutum ne ni mai godiyar Allah, ko kuma haka nake ɗaukar kaina.

Ƙanin matata ya daɗe a Guangzhou yana saya wa 'yan kasuwa kaya. Shi ya ba ni shawarar kada in bar giratutin ya narke a cefane, in zo in sari kayan yara a kasuwar Shisanhang da ke can in kai Kantin Kwari kafin Sallah. Na bi shawararsa. Satin farko ya kai ni wani gidan abinci a saman bene, inda Hausawa suke haɗuwa bayan sallar Juma'a, Kanawa da mutanen Maraɗi da na Yamai, ana cin shinkafa da miya ana kukan tsadar kwantena. Da zai gabatar da ni sai ya ce yayansa ne, ya yi ritaya daga babban kamfani, sito gaba ɗaya a hannunsa yake. Wani daga ƙarshen tebur ya ce ashe Manaja ne. Aka miƙo mini kujera mai hannu. A nan ya kamata in gyara zancen, amma tun da nake ba a taɓa tashi an ba ni kujera ba, sai kawai na gyara zaman hulata na yi murmushi.

Daga nan abin ya riƙa girma kamar ƙullun fanke. Wata Juma'a ana zancen yadda ma'aikata suke wulaƙanta bayan ritaya, sai aka juyo gare ni aka ce ai su Manaja ba ruwansu da wannan. Na ce to, alhamdulillahi, kamfani bai manta da mu ba. Aka tambaye ni kamar me da me. Na duba tebur, wannan yana loda kwantena uku, wancan yana da shago a ƙasa biyu, sai na ji sabulu da jarkar mai sun maƙale mini a wuya. Bakina da kansa ya ce gida, a unguwar manya. Juma'ar da ta biyo baya gidan ya samu mota. Da wani ya ce ai tuƙi a Kano wahala ne ga dattijo, sai motar ta samu direba. Katin asibitina kuwa, wanda ko allura sai ka sayo sirinji da kanka, ya zama duba lafiya a Masar duk shekara. Ƙanin matata ya ja ni gefe a tashar jirgin ƙasa ya ce, cikin ladabi, Yaya a ɗan rage wuta. Na ce masa ai hira ce, hira ba ta cin kowa.

Na gama sari, aka haɗa kayana da na wasu a kwantena ɗaya, aka loda a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, jirgi ya tashi. Sai mai fitar mana da kaya a Legas ya kira ya ce tunda nawa kason da sunana aka shigar da shi, kuma ni sabon shiga ne, yana buƙatar takardar shaidar biyan harajina kafin jirgi ya iso. Ni kuwa duk rayuwata daga albashi ake cire mini haraji, ban taɓa cike fom da hannuna ba. Na kawo kukana majalisarmu ta Juma'a, a ranar da ƙanin matata ya tafi wani gari duba masana'anta. A cikinmu akwai wani Alhaji mai farin gilashi, wanda ya yi aiki a ofishin haraji kafin ya koma sayar da fitilu masu amfani da hasken rana. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, yanzu a intanet ake yi. Ya ture faranti, ya buɗe kwamfutarsa a tsakiyar tebur, kowa ya matso da kujerarsa.

Suna da adireshi da fansho duk suka wuce lafiya. Sai muka iso wani sashe, ya karanta ya fassara mini: duk wani alheri da ba kuɗi ba wanda mutum yake samu daga wurin aikinsa, na yanzu ko na da, kamar gida ko mota ko kuɗin magani, sai a rubuta shi da ƙimarsa. Ya ce su can ofis su ne za su duba su ga wanda ake cire wa haraji da wanda ba a cire wa, ni nawa in faɗi gaskiya. Ya ɗago gilashi ya dube ni. Kafin in haɗiye yawu wani Bakano ya ce a fara da gidan. Wani ya ce kada a manta mota. Wani Alhaji na Maraɗi, mutumin kirki wanda yake kirana Patoro, wato maigida, ya ɗaga yatsa ya ce da direba, don shi ya san halin masu lampo, wato masu haraji, in ka ɓoye musu direba su gano, sai su ce ka ɓoye jirgin sama. Wani kuma ya tuna Masar. Ban taɓa sanin ana sauraren hirata da irin wannan natsuwa ba.

Alhaji mai gilashi ya tambaye ni nawa za a biya hayar irin gidan a shekara. Na faɗi wani abu a hankali. Tebur ya ɗauki ƙorafi, aka ce Manaja kada ka rage wa gidanka daraja, a unguwar nan ko ɗakin maigadi ya fi haka. Aka ninka. Haka aka yi wa motar, har aka yi musu a kan shekarar da aka ƙera ta, ni mai motar ina zaune ina gumi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Da ya gama ya juyo da kwamfutar gabana ya ce, "Alhaji, ka tabbata duk haka ne? In an aika an aika." Sau uku yana tambayata. Idanu wajen goma suna kaina. Na ce haka ne, na sa yatsana na danna da kaina. Har shayi na saya wa kowa.

Bayan kamar sati biyu amsa ta zo. Ba zan faɗi adadin ba, amma ko da kayan yaran nan sun ƙare a rana ɗaya, ribar ba za ta biya rabinsa ba. Kuma an rubuta cewa ba takardar shaida sai na biya. Na zauna a bakin gadon masaukina da rana tsaka ina karantawa ina sakewa, ko zan ga inda aka yi kuskuren sifiri. Babu kuskure. Lissafinsu daidai yake, gidan ne babu.

Ban gama farfaɗowa ba sai ga kiran mai ɗakina. Ashe ofishin sun rubuta wa kamfani suna neman tabbaci, akawun fansho kuma ya nemi layina bai samu ba, ya kira na gida. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi lafiya da abinci. Sannan ta ce, da muryarta ta kullum, an ce kamfani ya ba mu gida, tana so in faɗa mata lambar don ta aika a share, tunda rufin ɗakinmu na tsakiya har yanzu yana yoyo. Ta ce kuma in ba damuwa in gaya wa direba ya zo ranar Talata ya kai ta asibiti, don gwiwar nan ta gaji da hawa adaidaita. Masar kuwa ta ce ba ta gaggawa, duk shekarar da na ga dama. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi dariya ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Daga ƙarshe ta ce, "Malam, shekara talatin sabulun nan yana wanke mana kaya, yau shi ka ji kunya?" Ta kashe wayar.

Washegari na bi Alhaji mai gilashi har sito a Huangpu, inda yake duba lodin fitilunsa, don ba na son kunne na uku. Na tsaya ina ta kewaye-kewaye, ina zancen zafi da tsadar dala. Ya bar ni na gaji, sannan ya zaro biro ya ce mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Gida? Wallahi Edita kalmar babu ta yi mini nauyi a baki. Sai na ji na ce meyo, kamar yadda masu shago a Shisanhang suke cewa idan kaya sun ƙare. Mota? Meyo. Direba? Meyo. Masar? Na ce ko a taswira sai an nuna mini. Wani lebura ɗan ƙasar da yake wucewa da kwali ya tsaya yana dubanmu, yana son ya san wane kaya ne haka duk ya yanke a kasuwa. Alhaji ya cire gilashi ya yi dariya har da hawaye. Ya ce tun ran da ya ga na ɗaga dila na ɗora a kafaɗa ba tare da na sunkuya a karkace ba, ya san wannan ƙashin sito ne, ba na ofis ba. Shi ya sa ya tambaye ni sau uku. Na ce me ya hana ka ja ni gefe? Ya ce ya yi nufin haka, ni ne na riga shi danna abin.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Sai da na rubuta takarda da hannuna na ce na yi kuskure, shi kuma ya ce in cire kalmar kuskure in sa gaskiya, don a ofis sun san bambancin. Sai da kamfani ya aiko da wasiƙa mai hatimi yana lissafa abin da yake ba ni, har da kalandar. Ana wannan kai-komo jirgi ya iso Legas, kwantena ta zauna tana cin kuɗin kwana, kuma ba kayana kaɗai ne a ciki ba. Dole na tsaya a majalisa ranar Juma'a na faɗa wa waɗanda muka haɗa lodi dalilin da ya sa kayansu suka maƙale. Wannan tsayuwar ta fi komai ciwo. Wasu sun yi dariya, wasu ba su yi ba, kuma suna da gaskiya, don Sallah tana matsowa. Alhajin Maraɗi ne ya raba gardama, ya ce Patoro ya biya kuɗin kwanan, magana ta mutu. Na biya. Da ofishin suka duba gaskiyar abin da nake samu, abin da suka ce in bayar bai kai kuɗin shayin da na saya wa majalisa ba. Kayana sun iso Kwari saura kwana kaɗan Sallah, bayan iyaye sun gama yi wa yara sayayya. Har yanzu akwai ragowar riguna a ƙarƙashin gadonmu.

Na dawo gida na je taron tsofaffin ma'aikata, ashe akawun fansho bai iya riƙe magana ba. Ana tashi mutum shida suka biyo ni waje, kowa yana tambaya ko motar za ta bi ta unguwarsu. Muka tsaya tare a bakin titi muna tare adaidaita.

Abin da na koya shi ne, ƙaryar da ake yi don a samu wurin zama ba ta tsayawa a wurin zaman. Ni na ɗauka iska ce nake furzarwa, sai ga ta ta zama rubutu da sa hannuna a ƙasa, ta taɓa dukiyar mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, ta kuma sa matar da ta yi haƙuri da ni ta ji kamar rayuwar da muka yi tare abin ɓoyewa ce. Kuɗin kwanan kwantena na manta zafinsa, wannan kuwa ban manta ba.

Ina kira ga 'yan'uwana masu ritaya, musamman waɗanda suka shiga kasuwa da girma suka tarar da yara sun fi su jari. Kafin ka cike kowace takardar haraji, ka nemi tsohon wurin aikinka su rubuta maka abin da suke ba ka, ka kwafe shi yadda yake, komai ƙanƙantarsa. Kada ka cike ta a tsakiyar jama'a. In kuma wani ya kira ka da muƙamin da ba naka ba, ka gyara masa tun kafin ka zauna, don a ranar farko kalma ɗaya ce za ta ishe ka. Ni da na bari, sai da na yi bayani ga ofishin gwamnati, da kamfani, da majalisa, da matata, kuma a cikinsu duka ofishin gwamnatin ne kaɗai ya rufe fayil ɗin.