Mai Lodin Tukunyar Tururi

Yaƙubu ya tsufa a tashar manyan motoci ta Zongo a Kwatano yana lodi. Idan ya shirya buhuna a motar Parakou, ko kyankyaso ba ya samun wurin juyi. A wurinsa barin fili a mota zunubi ne, kuma ya sha zagin yara a kan haka.

Da bayansa ya ƙi, a shekarun nan na mulkin gurguzu da kowa a Kwatano ya koma "kamarad" har limamin unguwa, ƙanwarsa Dijatu ta samo masa aiki a wani ɗan asibitin haihuwa. Aikin bai fi wanke almakashi da hantsaki ba, a naɗe su cikin ƙyalle, a manna tef mai yin baƙi in tururi ya ratsa ƙunshin, a zuba cikin otokilab, tukunyar ƙarfen da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi. Yaƙubu ya leƙa cikinta ya yi dariya. Wannan ai ƙaramar mota ce.

Ya rufe bakin kowane almakashi don kada ya ci wuri, ya cusa kwano cikin kwano, ya danna ƙunshi kan ƙunshi, ya tura ƙofa da gwiwa. Da aka buɗe, tef ɗin ƙunshin gefe ya yi baƙi yadda ake so, na tsakiya kuwa fari fat, ƙyallen a jiƙe.

Unguwarzoma Madam Ramlatu ta yi masa bayani: almakashi baki buɗe, kwano a kan gefensa, tsakanin ƙunshi da ƙunshi a bar inda hannu zai shiga, don tururi ma fasinja ne. Yaƙubu ya ce to. Washegari ya bar filin, ya dube shi, zuciyarsa ta ƙi, ya ƙara ɗan ƙunshi. Daga ɗaya sai wani.

Madam ta ce in ya sake, ya koma tasha. Tsoro ya kama shi sosai, domin bayansa ba zai ƙara ɗaukar buhu ba. Duk da haka da safe hannunsa ya sake cika tukunya maƙil, kamar ba shi aka yi wa kashedi ba.

Madam tana tsaye tana kallo, ba ta yi faɗa ba. Ta nuna masa bencin masu jira, inda 'yarsa Lubabatu ke zaune da tsohon ciki.

"Baba Yaƙubu, rufe abinka. Amma ƙunshin tsakiyan nan, shi zan ajiye wa Lubabatu."

Yaƙubu ya sauke rabin lodin da kansa, ya buɗe bakin kowane almakashi, ya riƙa zura hannu tsakanin ƙunshi yana gwadawa. Tef ya fito baƙi har na tsakiya.

Aiki ya zauna, jika kuma ta zo lafiya, da almakashinsa aka yanke mata cibiya. Har ya bar asibitin, in zai rufe tukunyar sai ya kau da kai, yana gunaguni cewa filin nan rago guda zai shiga. Amma bai ƙara cusa ko auduga ba.