Ranar da Sitti Ta Ƙi Faɗin Sunan Kakana

Ko na manta da komai a duniya, ba na jin zan manta ranar da kakata ta sa ni zufa a gaban baƙi.

Lokacin ana gyaran gidan wani tsohon attajiri a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, za a mayar da shi gidan tarihi. Mutumin ya yi fataucin shinkafa da yadi, daga baya ya zama shugaban baladiyya, wato magajin garin Jidda. A cikin tsofaffin hotunan da aka tono akwai wani da ya nuna attajirin tsaye a ƙofar gidansa, kusa da shi wani dogon baƙin mutum. Kakana ne, shugaban 'yan garuwan da ke kai ruwa gidajen Balad. A ƙasan hoton an rubuta "wani ma'aikaci". Abin ya ƙona min rai.

Na yi ta zirga-zirga har masu aikin suka yarda za su sa sunansa, amma da sharaɗi: sai wanda ya san shi a wancan zamanin ya ambace shi da bakinsa, su ɗauka a bidiyo. Duk duniya saura mutum ɗaya, matarsa, wadda muke kira Sitti.

Suka zo unguwarmu ta Hindawiyya da kyamara, wata matashiya ce ke tambayoyin. Sitti ta buɗe baki kamar rediyo. Ta ba su labarin yadda attajirin ke zama a dakali bayan la'asar yana sauraron koke, da yadda ya sa aka kafa fitilu a lunguna, da shekarar da ruwa ya yi wuya ya hana a ƙara wa talaka kuɗin garwa. Har faɗansa ta kwaikwaya. Ni kuwa sai washe baki nake yi.

Sai aka miƙa mata hoton, aka nuna dogon mutumin, aka ce wane ne wannan. Ta ce Malam ne. Wane Malam? Maigidan. Sunansa fa? Sitti ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Nan na tuna, a makare, cewa matan zamaninsu ba sa kiran sunan miji. Na durƙusa ina lallashi: "Yalla ya Sitti, sau ɗaya tak." Na faɗi sunan da kaina, matashiyar ta ce nawa ba zai yi ba, ba a haife ni ba lokacin. Na ce Sitti ta rubuta, alhali na san ba ta rubutu. Takaici ya sa har na ɗaga mata murya, abin da nake jin kunyarsa har gobe.

Ta dube ni ta ce, "Shekara hamsin ban faɗa a gabansa ba. Yanzu da ƙasa ta rufe shi zan faɗa wa baƙi? Halas, magana ta ƙare."

Suka naɗe kayansu. Ba a yi shekara ba Allah ya yi mata rasuwa. Hoton na nan a bango, kakana na nan a matsayin wani ma'aikaci, kuma duk na shiga gidan sai haushi ya taso min sabo.

Abin da na koya shi ne, kafin ka kawo baƙi su shaida darajar gidanku, ka fara sanin abin da mutanen gidan suke kira daraja. Ni bango nake so ya girmama shi. Ita kuwa da shirunta take girmama shi tun kafin a haifi ubana.